Shuɗin ruwan gorar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ce sugan Baba ya hau, dole ya riƙa zagaya filin ƙwallo sau biyar kullum bayan asuba. Aka duba gidan nan kaf, aka ce ni zan riƙa raka shi. Wai Auta ba shi da aiki sai tsokana. Ni da nake wuni a tsaye a shagon walda.

Laraba, 5 ga Maris
Baba ya sayo katan guda na shuɗin lemon nan da 'yan ƙwallo ke sha. Umma ta ce, "Malam, ruwa fa likita ya ce. Wannan sukari ne zalla." Ya ce ita ta taɓa gudu? Wai gudu. Mutumin da tsohuwa mai sanda ta wuce shi jiya.

Asabar, 8 ga Maris
Na shanye lemonsa a bayan ƙofa, na cika gorar da ruwan famfo, na ɗiga kalar kek ɗin Yaya, na matsa lemon tsami. Don dariya kawai. Ni na buɗe masa don kar ya lura da murfin. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Na ce sabon samfuri ne, na manyan 'yan wasa. Ya ce shi ya sa ya ji ƙarfi. Na danne dariya har cikina ya ƙulle.

Alhamis, 13 ga Maris
Barci nake ji. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Na makara, ban samu na canza ba. Ya sha na gasken. Da hantsi Umma ta gwada jininsa, lambar ta haura. Ta zauna bakin gado tana kallon ƙafarsa. Haka Baffa ya fara kafin a yanke masa tasa.

Asabar, 22 ga Maris
Abin ya daina ba ni dariya. Kafin kiran salla nake tashi in haɗa. Lemon ma ya gundure ni, a kwata nake zubarwa. Yaya na cigiyar kalarta. Yatsuna sun yi shuɗi, kullum suna aljihu.

Laraba, 2 ga Afrilu
Asibiti. Lambar ta sauko. Likita ya tambaye shi me yake sha a fili. Baba ya kalle ni, ya ce ruwa. A raina na ce tsoho da ƙarya.

Alhamis, 3 ga Afrilu
A zagaye na huɗu ya miƙo min gorar. "Auta, gobe ka rage kalar nan. Ummanka ta ce harshena kamar na yaron da ya tsotsi biro."
Na ce wace kala?
Ya ce in fito da hannuna daga aljihu.
Ban fito da shi ba. Muka ƙarasa zagayen.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Katan ya ƙare, bai sayo wani ba. Ba sauran dalilin tashin sassafe haka. Amma na farka kafin kiran salla, na cika gora biyu da ruwa. Sabo ne kawai.
Tasa na yi mata ɗigo ɗaya.