Furen da Ka Aiko Ya Zo da Wari

Zuwa ga yayana Illa, a Kutanu, bayan gaisuwa mai yawa da so da bege. Ina fata kana lafiya, Allah ya tsare ka daga zazzaɓin bakin teku, ya sa wa fataucinka albarka, ya dawo mana da kai kafin mu manta kamanninka. Mu nan Matameye lafiya lau. Ƙafar Kaka Shekara ta yi sauƙi, Inna ta haifi namiji an sa masa Isufu, Baba kuma yana nan da karatunsa a zaure. Sai dai ciwon shanu ya shigo ƙasa, ya yi ɓarna daga Kurni har Dungu.

Yaya, ka san ba ni da baki a gaban mutane, amma a takarda yau sai ka ji ni. Ka tuna na dame ka da roƙon ka aiko mini da fure irin na ƙasar kudu, irin wanda nake gani a takardun labaran soyayya da ka bar mini a gafakarka, wanda 'yar sarki ke tsinka ta ba masoyinta. Sai ka aiko da wani dunƙulen saiwa kamar gwaza, da 'yar takarda ta ajami ba wasali ko ɗaya, don kai kullum sauri kake. Na karanta cewa in dasa shi a inuwa, kuma furensa yana zuwa da wuri. Har rawa na yi a bayan ɗaki inda ba mai gani.

Na zaɓa masa gindin tsamiyar nan ta bayan rumbu, inda rana ba ta sauka sai da hantsi kaɗan. Ƙasar fadama na ɗauko a kaina, na gauraya ta da ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin awaki, ni da ko turken awaki ban iya wucewa ba tare da toshe hanci ba. Na kewaye shi da ƙaya. Ruwa ƙwarya ɗaya safe, ɗaya yamma, ba na ƙarawa don kada saiwar ta ruɓe. Shekarar farko ba fure, sai ganye guda kamar laima, a kan wani kara mai dabbare-dabbare kamar fatar maciji, ko taɓa shi ba na so. Da rani ya bushe ƙurmus, na yi kuka, Kaka ta ce in daina zuba ruwa, irin waɗannan barci suke yi. Ni dai ina ta mamakin wane irin wuri ne wannan da ya kai shekara biyu. Amma na riga na gaya wa Sa'a da sauran 'yan matan unguwa cewa in ya buɗe, mu da turaren wuta har abada.

Bana, kafin ruwan farko, sai ga wani tsiro ya ɓullo ba ganye, ya yi ta kumbura. Ranar Laraba ya buɗe. Wayyo Yaya! Launinsa kamar hantar da ta kwana uku a rana, a tsakiya ga wani abu tsaye, ba kyan gani ba kyan faɗa. Warin kuwa, in ka haɗa mushen jaki da kwatamin mahauta ba ka kai rabinsa ba. Koren ƙuda suka yi masa lema. Inna da ɗanyen jego ta yi ta amai, Sa'a ta leƙo ta zana ta tofar da yawu ta tafi, ni kuma har yanzu in na ga miyar kuka sai zuciyata ta tashi.

Ba shi ke nan ba. Nasara ya kafa doka, duk wanda saniyarsa ta mutu ya ɓoye, za a tafi da shi aikin hanyar Damagaram. Wani gardin Nasara mai jar hula yana wucewa ya ji warin, ya shigo ba ko sallama, ya ce mushe muka binne. Baba ya rantse masa ba mu da ko maraƙi, gardin ya ce hancinsa ya fi rantsuwa gaskiya, har ya kwance igiya daga ɗamararsa. Ka san ƙirjin Baba, ba zai yi mako yana fasa dutse ba. Ina bayan ƙyaure ina jin komai. Ban san lokacin da na fito ba, mayafi a baki, na ce masa ya biyo ni. Ya sunkuya ya shaƙa, ya ja da baya yana kakari, hular ta faɗi cikin taki. Ya tambaye ni ko ni na shuka wannan masifa da hannuna, na ce e, shekara biyu ina ba ta ruwa. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya sare furen da adda, ya tafi da shi nesa da jikinsa don ya nuna wa kumandan, Nasaran da ke shugabantarsu. Aka bar mana Baba.

Da hankali ya kwanta, Baba ya ce in kawo takardarka. Ya duba, ya ɗauki alƙalami ya ɗora wasali bisa a kan wau inda ni na karanta rufu'a, ya miƙo mini. Ashe cewa ka yi furensa yana zuwa da wari! Baba ya yi dariya har da hawaye. Kaka ta raɗa mini suna amaryar ƙuda, yanzu ko rijiya na je haka ake kirana.

Jiya na ɗauki fartanya na je in tone dunƙulen saiwar in jefa a juji. Sai na tarar da sabon ganye ya leƙo, ɗanye shar, bai san abin da ya jawo ba. Na daɗe a tsaye ina tsakinsa. Daga baya na ajiye fartanyar na ɗebo masa ƙwarya ɗaya. Kada ka gaya wa kowa.

Baba da Inna da Kaka suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Rabo da matarsa Maryama, da duk wanda ya tambaye ni. Ka duba da kyau, na sa wa kowane harafi wasalinsa a wannan takarda, don kada ka ce ba ka gane ba: ina fushi da kai, kuma ka dawo da wuri, da rufu'a a kan wau.

Ni ce ƙanwarka,
Baiwa