Kujerun Filin Jirgi

Rogo, daren Talata

Yau na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Bayan la'asar muna zaune a shagon Sani tela, muna kallon fim a wayarsa, sai aka nuno cikin filin jirgi, fasinjoji na zazzaune. Ban ankara ba sai na ce, "Na Kano ne! A kan kujerun nan na zauna ranar da Baba zai tafi Makka."

Alhali mu 'yan rakiya a bakin ƙofa aka tsayar da mu. Ko fiffiken jirgi ban hango ba, ƙararsa kawai na ji.

Na manta Kawu Idi yana gefe yana ɓarar gyaɗa, shi da ya tuƙa mu ranar. Sani ya ce, "Kawu, wai haka ne?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "Ai shi ya riƙe wa Alhaji jaka."

Gaskiya ce, amma iyakata ƙofa. Kowa ya yarda. Da Kawu zai tafi ya zuba mini gyaɗa a hannu. Tana aljihuna, na kasa ci. Wallahi da ƙaryata ni ya yi, da tuni na yi barci.