Jan Kifi a Shari'ar Garkar Tama

Zuwa ga Yaya Mamman,

Gaisuwa da addu'a. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Iya tana nan, ƙafar ce dai take damunta. Matarka Habsu da yara suna lafiya. Garkar albasarmu ta kwarin Tama kuwa, wadda take ciyar da su tun rasuwarka, Baba Alasan ƙanen babanmu ya ce tasa ce. Har gaban maigari muka je.

Ka tuna hutun da ka zo daga Madawa, lokacin kana koyar da Ingilishi a kolej? Ka ce Turawan Ingila suna da suna ga dabarar mai gardama da ke janye mutane daga zance: jan kifi. Wai kifi ne da hayaƙi ya mayar ja, mai wari, ana jan sa a ƙasa don karnukan farauta su saki sawun nama su bi shi. Na ce ƙarya ne, wa zai ɓarnatar da kifi kan kare? Ka ce kai ma kana shakkar labarin, za ka bincika. Ba ka bincika ba, Yaya, zazzaɓi ya riga ka.

To, na ga kifin da idona. Na kawo dattawan da suka ga babanmu yana haƙa rijiyar garkar. Suna buɗe baki sai Baba Alasan ya tayar da zancen kakanmu na wajen uwa, wai arne ne, yana yanka a gindin tsamiya. Me ya haɗa tsamiya da rijiya? Amma kowa ya bi. Aka wuni ana musun shekarar da tsohon ya fara salla. Na san sunan abin da ake yi mini, har asalinsa na sani, amma na kasa mayar da ko mutum ɗaya kan zancen. Da kai ne, da tambaya guda ka juyo da su.

An ɗage shari'ar, an hana kowa taɓa garkar. Irin albasar da Habsu ta yafa yana bushewa muna kallo.

Ban taɓa faɗa maka ba, duk gardamar da nake ja da kai, don ka daɗe kana magana ne. Yanzu haushinka nake ji. Ka koya mini gane dabarar, me ya sa ka tafi ba ka koya mini maganinta ba?

Allah ya haskaka makwancinka. Gobe zan koma wurin maigari ni kaɗai.

Ƙanenka,
Salifu