Masarar Da Na Ba Ku Ba Ta Inna Ba Ce

Zuwa ga Shugaban masu binciken irin masara da suka zo Kafinsoli,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomi ne a Kafinsoli ta ƙasar Kankiya. Ƙorafi na kawo, amma rabin laifin nawa ne, kuma wallahi da kunya nake rubutu.

Na farko. Damina shida da suka wuce ma'aikatanku suka zo neman tsohuwar masarar gari mai jure fari, don ku aura ta da ingantaccen irinku. A ƙofar mai unguwa suka tsaya, maza kaɗai suka tambaya. Alhali a nan mata ke ajiye iri. Mahaifiyata, Inna Hajo, kowace kaka takan zaɓi goyon da ya riga nuna, ta rataye shi a madafi, hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari.

Na biyu, nan abin kunyar yake. Na shiga madafin na ɗaga kai na ga masarar Inna ƙanana, baƙi ƙirin da hayaƙi, sai na ji nauyin miƙa wa baƙi masu mota. Na ɗebo tiya biyu ta wata mai manyan ƙwayoyi da na saya a kasuwar Kankiya, na ce gadon gidanmu ce. Suka yaba, suka rubuta sunana. Ba wanda ya nemi ganin inda aka ajiye ta. Da suka tafi Inna ta ce, “Ɗan nan, abin da ya raine ka kake jin kunya?”

Na uku. Bara kun dawo da irin gwaji, kuka ce jinin masarar Kafinsoli ce. Maƙwabcina Malam Sale ya cika gonarsa da shi saboda sunana. Ruwa ya ɗauke masarar tana fitar da gemu, ta ƙone ƙurmus. Kunyoyi huɗun da Inna ta shuka tata masarar a bayan gida kuwa suka yi goyo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Har yau Malam Sale cewa yake ƙaddara ce, ni kuma ban iya haɗa ido da shi.

Roƙona: ku cire sunan Kafinsoli daga wancan iri. In kun je neman iri a garuruwa irin su Sukuntuni ko Boko, ku tafi da ma'aikaciya mace da za ta shiga madafi. Sannan ku zo kafin ruwan shuka. Inna ta rasu bayan kaka, goyo biyar ta bari a rataye, in suka wuce daminar bana ban da tabbacin za su tsiro.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a aikinku. In kun zo, a gaban Malam Sale zan sauko da goyo biyar ɗin in miƙa muku, da baƙinsu.

Wassalam.
Ɗan Inna Hajo, Kafinsoli.