A Mayar wa Malam da Wasiƙunsa

Zuwa ga Mai girma Babban Darakta,
Cibiyar binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa inda maigidana ya yi aiki,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Ni ce Hajiya Rabi, matar wanda kuke kira Farfesa, mu kuma a gida Malam muke ce masa. Daga Tawa nake rubuto maka. Ba sai na tsaya dogon gabatar da kaina ba, don ka ci tuwona lokacin da kake ɗalibinsa, kana biye da shi ƙauye ƙauye da kayan awo a kafaɗa, kuma har yau ban manta ba ka shiri da miyar kuɓewa ba. Saboda haka in ka ji na ce ranka ya daɗe, kujerarka nake girmamawa. In ka ji na ce ɗana, da kai nake.

Ina da kuka, amma godiyata ta fi shi yawa, don haka da ita zan fara.

Na ɗaya. Bara waccan, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam, kai ne mutum na farko da ya tsaya mana. Kafin mu gama ruɗewa ka turo mota ta kai shi asibiti a Yamai. Ka zo da kanka, ka zauna a benci ɗaya da ni da 'ya'yanmu, ba ka aiko wakili ba. Kuɗin magani ban san nawa ne ba, kuma ban tambaya ba, don ka ce kada in tambaya. Keken da muke tura shi a ciki kai ka aiko. Kuɗinsa na ritaya bai taɓa makara ba tun daga lokacin, alhali na san matan abokan aikinsa na wasu ma'aikatu da takalmansu suka ƙare a hanyar buro, wato ofis. Sannan kun sa sunansa a ɗakin karatunku tun yana da rai, ya gani da idonsa a hoto. Waɗannan abubuwa ba ni da bakin gode maka a kansu. Allah kaɗai zai biya ka.

Na biyu. Ina so in tuna maka wane ne Malam a gida, don ku a cibiya littattafansa kuka sani da tarurrukan ƙasashen waje. Ni kuwa na san mutumin da zai gaya maka zurfin ruwa a ƙarƙashin dutsen Adar, amma bai taɓa sanin ko buhun hatsi zai kai mu ƙarshen wata ba. Albashinsa a hannuna yake tun muna amarci, ba don ina da son riƙo ba, sai don in ya kwana a aljihunsa to ya zama na jama'a. In za shi taro ƙasar Turawa, kilishi da gari nake ɗaure masa, ya yi ta ci a ɗaki, ya dawo da guzurin da aka ba shi ya saya wa wani ƙauye igiya da wasakin jan ruwa, ko ya biya wa ɗiyar ƙanwarsa kuɗin lakkol, wato makarantar boko. Na yi faɗa har na gaji, daga baya na koma ɓoye kuɗin cefane a cikin kwallar da na san ba ya buɗewa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a rayuwarsa kuwa wasiƙu ne. Ba na manyan masana nake nufi ba, ko da yake su ma suna zuwa. Ina nufin na mutanen garuruwan da ya nuna wa inda za su haƙa rijiya, daga Afala, da Bambai, da Tebaram, da wasu ƙauyukan da ko direbobi sai sun yi tambaya. Al'adarsu ce bayan an gama girbi su sa malamin lakkol ko limami ya rubuta masa. Gaisuwa ce, da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan a ƙarshe a gaya masa ko igiyar rijiya ta ƙaru bana ko ta ragu. Da wannan yake gane halin da ruwan ƙasarsu yake ciki. Ba kuma a aiko takarda hannu sake: wani cuku, wani albasa, wani zabuwa da ƙafafu a ɗaure. Ranar kasuwar Lahadi direbobi ke sauke su a reshenku na nan Tawa, inda aka bar masa buro bayan ya yi ritaya, masinja kuma ya kawo gida.

Kowace safiya in ya sha kunu, sai ya baje su a tabarma. Kowa sai ya amsa masa da hannunsa, ya tambayi 'ya'yansa da sunayensu. Ni ce mai ƙulla sukari da ganyen shayi a mayar wa mai cuku, don ba a mayar da ƙwarya wayam. Har kishi na yi da takardun nan a ƙuruciya, don in yana cikinsu ko gobara ta tashi sai ya kai aya. A haka muka tsufa.

Na uku, kuma nan ne kukana. Da aka sallamo shi, likita ya ce ya huta, kada a dame shi na 'yan watanni. Kai kuma, saboda ƙaunar da kake masa, ka ba reshenku umarni a riƙe duk abin da ya zo da sunansa, a amsa a madadinsa, wanda ya zo nemansa a ce masa ba a ganinsa. Wayar aikinsa, wadda ita ce lambar da mutane suka sani, aka miƙa wa sakatariya. Na san alheri ka nufa, ban taɓa shakka ba. Amma watannin likita sun wuce tuntuni, umarninka kuwa yana nan daram, don ba wanda ya tuna ya ɗage shi. Mu kuma a gida ba wanda ya gaya mana an yi shi.

Ranka ya daɗe, ka san abin da wannan ya jawo? Kowace safiya Malam zai dube ni, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Ba a kawo komi ba?" In ce ba a kawo ba. Girbi ya zo ya wuce, shiru. Wani girbin ya sake zagayowa. Sannu a hankali ya daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar yi mini ciwo. Ya rage cin abinci. Motsa hannu da ƙafar da aka ce ya riƙa yi ya ce ba amfani. Wata rana ina shafa masa mai sai ya ce da ni, ashe mutane rijiya suke so ba shi ba, kuma ba laifinsu ba ne. Na yi masa musu da baki, amma a zuciyata na ji haushin mutanen nan sosai, na ce lalle ɗan Adam ba shi da godiya. Allah ya yafe mini, ban san suna can suna cewa haka a kanmu ba.

Na huɗu. Gaskiya ta fito ne a watan jiya, ranar wata Lahadi. Wani tsoho mai suna Nomau ya zo daga wajen Tebaram. Garinsu sun haƙa rijiya a wurare dabam dabam ba su sami ruwa ba, sai da Malam ya je ya kwana biyu a can da kayan awonsa ya nuna musu wuri. Tun daga lokacin Nomau bai taɓa fashin aiko da cuku ba. Tsohon nan ya yi ta tambaya a tasha har aka nuna masa gidanmu. Ya ƙi zama a tabarma, ya tsuguna a bakin zaure da ƙunshi a hannu, ya ce, "Hajiya, na taho in ji laihin da niy yi ma Malam. Shekara da shekaru ina aiko mishi cuku, bana an maido min abina. In rasuwa yay yi ba a hwaɗa muna ba, a hwaɗa muna mu yi mishi addu'a. In ko hushi shikai da mu, to ga ni."

Ya miƙo mini wata takarda da aka buga da Faransanci, da hatimin cibiyarku. Malamin lakkol ɗinsu ne ya fassara musu: wai Farfesa ya gode, ba shi da halin amsawa, kuma dokar cibiya ta hana karɓar kyauta. Shi ne aka sa direba ya mayar masa da cukunsa.

Ɗana, dokar hana karɓar kyauta doka ce mai kyau, Malam da kansa yana cikin waɗanda suka kafa ta, don kada ɗan kwangila ya sayi ma'aikaci. Amma cukun Nomau ba cin hanci ba ne. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san abin da ake nufi in ka aika wa mutum abu ya maido maka. Ba a yin haka sai in an yanke zumunci. Dattijon nan ya yi watanni yana bincikar kansa, yana neman abin da ya faɗa ko ya aikata. Matarsa ta ce masa ko cukun ne bai yi kyau ba. Mutanen garinsu suka ce a'a, mutum ne ya yi girma, an sa sunansa a gini, ya fi ƙarfin talaka. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ya ce a tasha ya ji an maido wa na Afala albasarsu.

Na shigar da shi wurin Malam. Da ya gane abin da ya faru, sai ya riƙe hannun tsohon da hannunsa mai lafiya, ya daɗe bai saki ba. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ashe suna rubutowa." Sai hawaye. Ko ranar da ciwon ya kayar da shi ban ga ya yi kuka ba. Ni ma na fita tsakar gida na yi nawa. A ranar ya ci cukun nan da shayi, ya tambayi igiyar rijiya, aka ce ta ƙaru kaɗan bana, ya yi ta jinjina kai yana lissafinsa. Washegari da kansa ya ce a miƙo masa alƙalami, ya fara koyon rubutu da hagu kamar ɗan aji ɗaya.

Na biyar. Za ka ce me ya sa ban same ka kai tsaye ba sai a jarida. Na gwada. Na je reshenku, shugaban wurin ya karɓe ni da mutunci, ya nuna mini kwalaye cike da wasiƙun Malam, ya ce ba zai iya saki ba sai da izini daga sama. Na kira wayarka, aka ce kana ƙasar waje. Sai na rubuta maka, na sa a bayan ambulan cewa batun Farfesa ne. Bayan kwanaki amsa ta zo mini har gida, da hatimi: Farfesa ya gode, ba shi da halin amsawa. Na karanta wa Farfesan yana zaune a gabana. Rabon da in ji dariyarsa irin ta ranar har na manta, sai da ya sarƙe na ba shi ruwa.

Amma akwai dalilin da ya fi wannan. Ko ka ɗage umarninka gobe, mutanen da aka maido wa kayansu ba za su sani ba. Ina so wannan takarda ta shiga hannun malaman lakkol da masu karanta jarida a rediyo, ta isa inda waccan ta Faransanci ta isa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A saki kwalayen nan a kawo su gida. Daga yau duk abin da ya zo da sunan Malam, takarda ce ko zabuwa, a bar masinja ya kawo kamar da. Kada ka ji tsoron za su gajiyar da shi, ni ce a kansa, kuma na yi shekaru ina koyar da yara kafin in yi ritaya, na san yadda ake cewa ya isa haka. Wadda ya kasa rubutawa zai faɗa in rubuta, shi ya sa hannu. A daina ce wa baƙinsa ba a ganinsa, a nuna musu hanyar gida. In da hali, cibiya ta rubuta wa garuruwan nan da Hausa ta ba su haƙuri, ta ce kuskuren daga buro ne. Sannan don Allah kada a hukunta kowa. Sakatariyar nan da shugaban reshe abin da aka ce su yi suka yi.

Ba na roƙon ka ƙara masa kwana, wannan ba a hannunka yake ba. Kun kula da jikinsa iyakar ƙoƙarinku, kuma na shaida. Abin da ya rage masa dai nake so ya yi shi cikin mutanensa, yana sane da cewa ba su manta da shi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka daga sharrin kujera, ya raya maka zuriya. Yadda ka tsaya wa malaminka ranar da ya faɗi, Allah ya ba ka masu tsaya maka.

Ku kuma mutanen Afala, da Bambai, da Tebaram, da duk inda wannan magana ta kai: Malam yana nan da ransa. Bai yi fushi da kowa ba, bai maido kayan kowa ba, bai ma san kun aiko ba. Ku yafe mana. Ku rubuto masa, rubutunsa ya karkace amma zai amsa.

Wassalam.

Taka mai godiya,
Hajiya Rabi, matar Malam,
Tawa.