Maigidana Ya Zama Ciyaman, Ya Hana Kowa Sakat

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin kaina ya fashe. Ni ba yarinya ba ce, har jikoki gare ni, amma lamarin maigidana ya kai ni maƙura.

Shi ya kafa kamfanin katifa tun muna gidan haya, da keken ɗinki da wuƙar yanka soso. Yau ga ma'aikata birjik, ga masu hannun jari. Bara ya yanke jiki ya faɗi a ofis, likita ya ce hawan jini ne, dole ya rage aiki. Sai daraktoci suka zauna suka ba shi ciyaman, suka naɗa tsohon yaronsa da muke kira Injiniya manajan darakta. Na yi hamdala, na ce bawan Allah zai huta.

Ina hutu! Gari na wayewa zai ɗora hula ya fice. An ba shi ofis a sama mai kafet da sanyi, ya ce kamar ɗakin jinya. Sai ya ja kujera bakin sito ya kafa wa kowa ido. Injiniya ya sayo yadin rufin katifa shuɗi, maigida ya ce a mayar, mutane mai furanni suke so. Injiniya ya kori wani direba da ke ɗaukar fasinja da motar kamfani, direban ya zo har falona ya zube yana hawaye, washegari maigida ya miƙa masa makulli. Yanzu duk wanda aka tsawatar wa sai ya garzaya wurin Baba, kamar yadda suke kiran maigida. Ranar da kuma ciwon kai ya zaunar da shi a gida, ni ke shan ta. Ya shiga kicin ya sake wa tukwanena wuri, wai ba ni da tsari. Ni da nake ciyar da shi tun bai da furfura!

Makon jiya Injiniya ya zo gaishe ni, ya daidaici maigida ba ya nan. Ko ruwan da na ajiye masa bai taɓa ba. Ya ce Baba uba ne a wurinsa, ba zai iya ɗaga masa murya ba, amma ya gaji da zama shugaban da ba a jin maganarsa, in ba a gyara ba zai ajiye aiki. Ya roƙe ni in sa baki. Na sa. Sai maigida ya ce ashe har ni an saye ni, ciyaman ai shi ne sama da kowa, in ba haka ba me sunan ke nufi? Ya ture abincina ya tashi.

Gaskiya ni ma na rasa amsa. In shi ne babba, me zai hana shi ba da umarni? Amma in Injiniya ya tafi, aikin kan maigida zai dawo, kuma na ga yadda aka kwaso shi bara. Ba na son in sake gani.

Matar Ciyaman da ta gaji

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Bari in fara da tambayar da ta ɗaure miki kai.

Ciyaman shugaban daraktoci ne, ba shugaban ma'aikata ba. Shi ke kiran taronsu ya jagorance shi, su duba inda kamfani ya dosa, su titsiye manajan darakta da tambayoyi, in ya gaza su sauke shi tare. Manajan darakta kuwa shi ke riƙe da aikin kullum: wa za a ɗauka, wa za a sallama, wane yadi za a saya. Maigidanki na da ikon tambayar Injiniya dalilin korar direba. Mayar wa direban makulli kuwa ba huruminsa ba ne. Kuma wanda ya tsoma hannu a aiki, da wane baki zai tuhumi manaja in aikin ya lalace?

Sai dai kada ki ɗauke shi mai taurin kai kawai. Mutumin da ya fara da wuƙar yanka soso, aka wayi gari aka ce ya hau sama ya zauna, ji zai yi an jingine shi. Tsoro ne ke kai shi bakin sito. Shi ma Injiniya bai kyauta ba da ya ɗora miki kayan da ba naki ba. Manajan da ba zai iya gaya wa ciyamansa gaskiya cikin ladabi ba, da sauransa.

Don haka ki janye daga aikin ɗan aike. Ki gaya wa Injiniya ya kai kukansa gaban daraktoci kafin ya yi maganar tafiya. Cikinsu ba za a rasa sa'an maigida da yake jin nauyinsa ba, shi ya dace ya zaunar da su biyun a raba aiki a fili. Su riƙa ganawa duk mako a rufe, Baba ya faɗi duk abin da ke ransa a can, a gaban ma'aikata kuma bakinsu ɗaya. A kuma ba shi aiki na gaske, kamar zuwa wurin manyan dillalai da suka san shi tun da can. Masu kawo ƙara gida kuwa, ki ba su ruwa ki nuna musu hanyar ofis.

Naki aikin ɗaya ne. Ranar da ya huce, ki bar zancen Injiniya, ki gaya masa abin da kika gaya mini a ƙarshen wasiƙarki: kin ga faɗuwarsa, kuma kina tsoro. Ina kyautata zaton bai taɓa jin wannan daga bakinki ba, faɗa kawai yake ji.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sanyaya miki zuciya, Ya bar ku tare.