Zanen Baba Ya Haɗiye Malamin Lissafi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in wurgo kwamfutar makaranta ta taga. Duk wanda na fara ba wa labarin nan sai ya kwashe da dariya, wai a kan zane nake wannan kumfar baki. To ba zane ba ne kawai, aikin wani bawan Allah ne ke reto a kai.

Ina aiki a ofishin wata makaranta mai zaman kanta, kuma mai makarantar surukina ne, mahaifin maigidana, muna kiransa Baba. Ni ke shigar da makin jarrabawa a manhajar jadawali, in fitar da zanen alƙaluman da ake haska wa iyaye a majigi ranar taro. Da can lafiya lau muke. Ginshiƙai a jere, kowane darasi da launinsa, ko kakar yaro ce ta zo taron za ta gane inda aka hau da inda aka sauka. Sai Baba ya je wata bita ta masu makarantu. Ban san wanda ya yi mana wannan aika-aikar ba, amma a can ya ga zane mai tudu, irin wanda ginshiƙai ke tsaye sahu bayan sahu kamar benaye, ana juya shi yana sheƙi. Tun da ya dawo bakinsa bai huta da kiran tiri-di ba, wai sunan irin wannan zanen ke nan.

Cewa ya yi komai ya shiga hoto guda. Azuzuwa su jeru a kwance, darussa su bi ta ciki, maki ya hau sama. Har zangon karatu ya ce in cusa, sai da na rantse masa babu sauran gefen da zan rataya shi. Yana tsayawa a bayan kujerata, tabarau a karan hanci, yana nuna allon da murfin biro: in juya hagu, in ƙara inuwa, in mai da Turanci ruwan zinare, in sa bango mai kama da marmara. Sunayen azuzuwa suka karkace kamar za su zube, akwatin bayanin launuka ya zauna daram a kan 'yan aji uku. Da na buga a firintarmu, wadda baƙi da fari kawai ta sani, abin da ya fito kamar an kifar da tawada. Baba ya ɗaga takardar, ya ce yanzu ne makaranta ta shigo zamani.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, Anti. Amma ya ce Turanci ne zai tsaya a sahun gaba, domin shi iyaye ke son gani, lissafi kuwa ya koma can ƙurya. Na ce masa na baya za su ɓuya. Ban dai faɗa da ƙarfi ba, kin san yadda magana da suruki take.

Malamin lissafinmu, wanda yara ke kira Malam Alli saboda kullum hannun rigarsa fari fat, shi ya fi kowa wahala a bana. Yana tsare yara bayan an tashi ba tare da kowa ya sa shi ba, kuma makinsu ya tashi fiye da na kowane darasi. Ni na shigar da alƙaluman da hannuna, na sani. Amma ranar taro, da aka haska zanen, ginshiƙan Turanci suka tsaya ƙiƙam a gaba, na lissafi kuma sai 'yan kawunansu ke leƙowa daga baya kamar karyayyun haƙora. Wani uba ya miƙe ya ce dama ya daɗe yana zargin ba a koyar da lissafi a makarantar nan, yau ga shi ido ya gani. Sai zaure ya ɗauka. Baba ya yi mini alama in juya zanen, na ja shi da yawa, ginshiƙai suka karkace suka hau kan juna, ba a ma iya gane na wane darasi ne. Masu faɗa na faɗa, masu dariya na dariya, Malam yana zaune a gefen dandamali ya sunkuyar da kai. 

Yanzu Baba ya fara cigiyar sabon malamin lissafi. Na kai masa makin a rubuce, ya ture takardar, ya ce shi abin da idonsa ya gani a allo ya yarda da shi, kwamfuta ba ta ƙarya. Na kai kuka wurin maigida, ya ce Baba da makarantarsa, ina ruwana, har ya raɗa mini suna injiniyar benaye. Malam kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu yanzu, ina jin yana zaton da gangan na tura shi baya.

Zuciyata na ce mini in tura ainihin makin a zauren iyaye na waya, kowa ya gani, abin da zai faru ya faru. Wani lokaci kuma in ji gara in ajiye aikin. Ga wani taron na tafe, kuma Baba ya riga ya ce wannan karon zanen ya riƙa juyawa da kansa. Ya zan yi?

Daga wadda ginshiƙai suka isa.

Amsa:

'Yar'uwa, ki bar kwamfutar a kan tebur, ba ta yi miki komai ba. Ki kuma cire hannunki daga zauren iyaye. Ranar da kika tura makin nan a bayan idon Baba, maganar ta tashi daga kan Malam ta koma kan surukar da ta kunyata dattijo a gaban jama'a, kuma a gidanki za ki ci gaba da jin ta. Ajiye aiki ma ba zai mai da wa kowa mutuncinsa ba.

A kan zanen, gaskiyarki. Zane mai tudu yana ƙanƙantar da abin da ke nesa, na gaba ya tare na baya, kuma ido ba ya iya bin kan ginshiƙi zuwa ma'aunin da ke gefe. Amma Baba ma ba shirme yake nema ba. So yake ya ga aji da darasi da zango a kallo ɗaya, kuma yana son iyaye su ga makarantarsa ba ta baya ba ce. Buƙatarsa daidai ce, ya dai ɗauko kayan aikin da bai dace ba. Ke kuma kin hango matsalar tun a ofis, kika faɗe ta ciki-ciki. Kunyar suruki abu ne mai kyau, amma a kan wannan kujerar ke ma'aikaciya ce, kuma faɗin abin da zane zai ɓoye yana cikin aikinki.

Ga abin yi. Ki raba hoton nan zuwa ƙananan zane a jere a shafi guda, kowane darasi da nasa. A cikin kowanne, azuzuwa a kwance, zanguna uku a matsayin ginshiƙai uku kafaɗa da kafaɗa, launi ɗaya mai hawa daga haske zuwa duhu. Ki tabbata ma'aunin gefe iri ɗaya ne a dukkansu, daga sifili zuwa ɗari, kada manhaja ta zaɓa miki da kanta. Ki ɗora makin a kan kowane ginshiƙi, ki kore inuwa da marmara. Kin ga har zangon da ya rasa wurin zama ya samu. In kuma tiri-di ɗin ya zama dole, ki ba shi shafin farko ya yi kwalliya, gajerun ginshiƙai a gaba, dogaye a baya.

Sai yadda za ki tunkari Baba. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki buɗe zanen nasa da yake so, ki dawo da lissafi sahun gaba, ki tura Turanci baya, ki bar shi ya kalli darasin da yake alfahari da shi yana ɓacewa alhali ba a taɓa maki ko ɗaya ba. Tunda da ido yake yarda, ki bar ido ya gaya masa. Daga nan ki nuna masa sabon shafin, ki roƙe shi ya zama shi zai gyara maganar a gaban iyaye, domin a gabansu aka ɓata ta. Maigida kuma ki gaya masa ba wasa kike ba, ko ya raka ki ko ya share miki hanya wurin mahaifinsa.

Amma kafin duk wannan, yau ɗin nan ki nemi Malam. Ki nuna masa makin ɗalibansa, ki faɗa masa yadda aka yi ya koma ƙurya. Mutumin da ya yi aiki irin wannan bai kamata ya ƙara kwana yana zaton ya gaza ba. Allah ya ba ki sa'a, ya sanyaya zuciyarki, ya bar zumunci tsakaninki da gidan mijinki.